Tebur Ɗaya a Joliette

Bron, Lyon
4 ga Afrilu

Zuwa ga taubashina Daouda,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, ko da yake na san rabin azumin naka a cikin taksi ka yi shi, kana faɗa da masu babur a Porte de la Chapelle. Ina gajiya? Yaya Aichatou da yara? Yaya ciwon bayan naka, yana barinka ka yi ruku'u kuwa? Mu nan lafiya lau, sai aikin labo, ɗakin gwaje-gwajen nan, da ya sa ni gaba. Na zaɓi in rubuto maka ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Inna, wato gwaggonka Hajiya Hassia, ta samu biza. Wallahi da na ji sai da na zauna a ƙasa. Shekara shida ban sa ta a ido ba sai a fuskar waya, tun da aka ɗaura mana aure da Yakubu a Damagaram. Shi ne ma ya shirya komai. A ma'ajiyar kayan da yake aiki a Vénissieux akan sauƙaƙa wa ma'aikata tafiyar hutu, sai ya kama mana wuri mu uku a babban jirgin ruwan yawon buɗe ido, kwana bakwai, daga Marseille zuwa Italiya da Spaniya a dawo. Ya ce tun da ya ɗauko mata ƴa bai taɓa yi mata abin da za ta ba da labari ba.

Za ta sauka filin jirgin saman Marseille ranar Juma'a 16 ga Mayu da ƙarfe biyu na rana. Jirgin ruwan kuma Asabar zai tashi, ana rufe ƙofa ƙarfe uku. Kwana ɗaya ke nan za mu yi a garin. Kai da ka yi shekara tara kana ɗaukar baƙin otel a can, gaya mini: mu zo da motarmu ko mu hau jirgin ƙasa? Daga filin jirgi me ake shiga? A ina za mu kwana? Na ga wani otel mai kyau a Vieux-Port, tagarsa na kallon jiragen ruwa, na ce daga nan sai mu taka da ƙafa mu shiga namu.

Abin da nake so ɗaya ne, Daouda: in ga uwata da mijina a tebur ɗaya, ni a tsakiya. Na gaji da zama kamar mai gida biyu.

Ka amsa da wuri, kada ka yi mini halin naka.

Halimatou

*

Paris
9 ga Afrilu

Madame Dokta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Aichatou na gaishe ki. Bayan nawa da sauƙi, na gode da tsiyar. Na yi murna da zuwan Gwaggo har na gaya wa wani fasinja Bature da bai tambaye ni ba. Allah ya kawo ta lafiya.

Ki taka da ƙafa? Kayya! Duk karatun naki? Jiragen da kika gani a Vieux-Port na masunta ne da na masu hannu da shuni. Naku yana can arewa, bayan unguwar Joliette, ƙofa ta huɗu, wajen kilomita takwas, kuma hanyar manyan motoci ce. Na sha tsinto mutane a bakin hanyar nan suna jan baliz ɗin tufafinsu, gumi har wuya, agogo na cin su. Ki manta da otel ɗin nan.

Motarku ki bar ta a Bron ta huta. Ku hau jirgin ƙasa na TGV a tashar Part-Dieu ranar Juma'a da safe, ko awa biyu ba za ku yi ba. Daga filin jirgi akwai nabet, bas ɗin da ke kawo mutane gar Saint-Charles, tashar jirgin ƙasa, cikin rabin awa. Yana da kyau ga mai ƙafa biyu masu lafiya, amma ba ga tsohuwar da ta wuni a sama ba. Otel-otel na kusa da gar ma ki ƙyale su, matakalar wurin ta fi ɗari, gwiwar Gwaggo ba za ta yafe miki ba. Joliette za ku kwana. Akwai wani ƙaramin otel can mai asansar, na'urar hawa bene, mai shi ƴar Komoro ce, Madame Echata, Musulma, in kin ce buta ba za ta tsaya kallonki ba. Da safe minti goma sha biyar ya kai ku bakin jirgi. Mota kuma na gama: abokina Hudu, Bakano ne, yana da mai kujeru tara, shi zai ɗauko ku shi zai kai ku. Marseille a tafin hannuna take, ki sa ranki a inuwa.

Yanzu ki buɗe kunne, don wannan ya fi duk na sama. Kin daɗe a Turai har kin manta wace ce uwarki. Gwaggo ba ta taɓa kiran sunan mijinki ba, ba ta taɓa buɗe fuska a gabansa ba, balle ta kai loma baki yana kallo. Surukinta ne. Ranar bikinku ina wurin, da ya shigo gaisuwa ta bayan labule ta amsa. Ga ta da ciwon sukari, ba ta wasa da lokacin abinci. A jirgin nan kuwa tebur ɗaya ake ba iyali, da lamba a kai, kullum nan za ku zauna. Kwana bakwai fa! In da ni ne, Malam Yakubu ba zai shiga motar nan ba, ba zai zauna a teburin nan ba.

Ki gaishe shi da kyau.

Daouda, wanda ya girme ki da shekara takwas ko kin ƙi ko kin so

*

Bron
12 ga Afrilu

Daouda,

Ina fata kana lafiya. Mu lafiya.

Na karanta layinka na ƙarshe sau uku, ko zan ga wata ma'ana, ban gani ba. Wato mutum ya yi wata biyar yana aiki har ranakun Asabar don tafiyar nan, kai kuma daga cikin taksinka ka yanke hukunci a bar shi a Lyon? Ba zai shiga mota ba, ba zai zauna a tebur ba. To a ina zai zauna, a kan igiyar jirgi?

Kada ka ɓoye a bayan Inna. Na san abin da ke ranku tun farko. Mutumin Maraɗi ne, mai ɗaukar kwali ne, ni kuwa na yi digiri. Kun yi shiru ranar aure, amma na ga fuskokinku. Franchement, ban zaci har yanzu abin na nan ba, kuma daga gare ka. Ya yi mini ciwo, Daouda, ba zan ɓoye maka ba.

Kunyar suruki kuma ta Damagaram ce, inda akwai zaure da tsakar gida da labule. Nan Faransa ce. Inna ba dutse ba ce, mutum ce, za ta saba.

Na gode da bayanin otel.

Halimatou

*

Paris
29 ga Afrilu

Halimatou,

Sallama da gaisuwa. Na san kin ƙirga kwanakin shiruna. Biyar na farko fushi ne, na karanta wasiƙarki na tura ta ƙarƙashin kujerar mota, don da na amsa a ranar da zumunci ya ɓaci. Sauran kuma baya ne ya kwantar da ni, Aichatou ce ke sa mini takalmi. Yanzu na miƙe, alhamdu lillahi.

Ke dai ba ki da dama! Ina na ce a bar shi a Lyon? Ni mai tuƙa taksi zan raina mai ɗaukar kwali? Mutumin da ya kwana biyu a asibiti tare da ni lokacin da aka yi wa ɗana aiki, alhali ku dangina kuna aiko da addu'a ta waya? Motar nan da teburin nan na ce, wato waɗanda Gwaggo ke ciki. Jirgin kuwa ya fi unguwar Birni girma, mutum dubu biyar yake ɗauka, zai ɗauki suruki da suruka ba tare da sun haɗa ido ba.

Ga yadda za a yi, kuma na riga na yi rabi. Motar Hudu layi uku ce: Malam Yakubu a gaba kusa da direba, ke da Gwaggo can baya, kaya a tsakiya. Wannan za ta iya ɗauka. Na kira Madame Echata, ta ajiye muku ɗaki biyu, ɗaya a hawa na farko, ɗaya a na uku, ta kuma yarda a kai wa Gwaggo abinci ɗaki. A jirgi abincin yamma zubi biyu ne, na ƙarfe shida da rabi da na tara. Ki rubuta musu tun yanzu, Gwaggo a na farko, shi a na biyu. Ke kuma ki ci sau biyu, dama kin rame.

Shi Malam Yakubu ba shi nake ji ba. Ɗan zamani ne, ya shekara goma sha biyu a nan, ko an zauna tare ko ba a zauna ba duk ɗaya ne a wurinsa. Tsohuwar nake ji. Na san ta, za ta yi murmushi, ta ce ta ƙoshi, ta kwana da yunwa, rana ta uku ku same ta a ƙasa a tsakiyar teku.

Ban yi fushi ba yanzu. Amma kin ci bashin goro.

Daouda

*

Bron
5 ga Mayu

Taubashina,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi maka mummunar fahimta, ka yafe mini. Ka adana takardar nan da kyau, don ba za ka sake ganin na rubuta haka ba.

Hudu na karɓa, Madame Echata na karɓa, TGV mun kama na ƙarfe tara. Maganar tebur kuwa na gama ta da kaina. Na kira Inna ranar Lahadi, muka daɗe. Na ce mata Yakubu yana jin zafin yadda take gudunsa, yana ganin kamar har yau ba ta karɓe shi ba, kuma babban burinsa ta zauna ta ci abinci tare da shi kamar ɗanta. Bai faɗa da bakinsa ba, gaskiya, amma mijina ne, na san abin da ke ransa. Sai ta ce, "In haka ne, duk yadda kuka yi daidai ne."

Voilà. Ka ga abin da ka ce ba zai yiwu ba, minti ashirin ya ɗauke ni. Shi ban gaya masa ba, so nake ya gani da idonsa. Tebur ɗaya, zubi ɗaya. Zan aiko maka da hoto ka manna a gaban motarka.

Halimatou

*

Paris
8 ga Mayu

Halimatou,

Lafiya lau, na yafe. A bakin Gwaggo "duk yadda kuka yi daidai ne" ba amincewa ba ce, sallamawa ce. Amma uwarki ce, mijinki ne. Ki sa dabino da biskit a jakarki, ki riƙa ba ta a ɗaki in ba kowa. Hudu zai tsaya a ƙofar fitowa da hula ja. Allah ya kai ku lafiya.

Daouda

*

Bron
27 ga Mayu

Daouda,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya baya? Mun dawo. Inna na nan ɗakin baƙi tana jan carbi, sukarinta daidai, tana gaishe ka. Na ga kiranka har bakwai ban ɗauka ba, don abin da zan faɗa ba na waya ba ne. Hoto babu. Kafin ka tambaya mu nawa muka shiga jirgin, nemi wuri ka faka motarka ka karanta.

Da farko, Hudunka. Hula ja ta zo, mota mai kujeru tara ba ta zo ba, tana gareji tun Laraba. Wata ƴar ƙaramar mota ya aro, wadda in mutum ya yi atishawa a baya sai na gaba ya goge wuya. Wannan ita ce Marseille ɗin da ke tafin hannunka.

Da Inna ta fito na rungume ta na yi kuka, ba kunya. Ta tsufa, Daouda, ta ƙanƙance. Ina ɗagowa sai na ga Yakubu ya tuɓe takalmi a tsakiyar filin jirgi, ya durƙusa can nesa, Turawa na kewaye shi da kekunan kaya. Inna ta ja mayafi ta juya gefe ta amsa gaisuwar. Da muka isa wurin motar ya dube ta sau ɗaya, ya ɗauki manyan baliz biyu ya ce shi nabet zai bi, mu je. Raina ya ɓaci matuƙa. Mutum ya shirya tafiya tun daga farko, a ƙarshe shi ne a bas da kayan mutane. A cikin motar na rantse a raina gobe da safe za a gama wannan abu.

Otel ɗin ba laifi, wannan na ba ka. Inna ta ci abincin yamma a ɗakinta. Da safe ƙarfe takwas na sa Madame Echata ta shirya tebur na mutum uku kusa da taga. Na zaunar da Yakubu, na ce ina zuwa. Na hau na sauko da Inna. Tun a asansar take ta gyara mayafi, ni kuwa na ce sanyi ne.

Ta zo ta zauna daidai gabansa. Ta sauke mayafin har kafaɗa. Ta gutsuri burodi, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Bismillah, Yakubu." Ta kai baki.

Ni har na fara murmushi. Sai na ji ƙarar kofi a kan faranti. Yakubu ya miƙe, ya fita daga otel ɗin ko rigar sanyi bai ɗauka ba.

Na fi awa ɗaya ina nemansa, wayarsa na kan tebur. A ƙarshe na same shi a kan benci gaban babbar cocin nan ta bakin teku. Bai bari na zauna ba ya ce, "Ku tafi ku biyu. Ni Lyon zan koma." Na ce ko ka haukace ne? Ya ce, "Halima, mi na yi mata? Gaya min gaskiya, wa ya kai mata maganata? A garinmu suruka ba ta kiran sunanka ta ci abinci gabanka sai in ta daina ganinka da gashi."

Na ce ai karɓarka ta yi, ɗa ta mai da kai. Sai ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba, shi ya sa na riƙe ta. Ya ce, "Shekara sha biyu ina ƙasar nan. A wurin aiki yaron da na isa in haifa ma sai shi kira sunana gatsal, shi nuna min kwali da ƙafa. A jirgin metro ba wanda ya san ina da uba. Tun da iyayena suka rasu, mutum ɗaya ta rage a duniya da in na shigo take gyara zama ta rufe fuska saboda ni. Jiya a filin jirgi da ta juya gefe, wallahi ji na yi na koma mutum. Yau kuma ta kira ni kamar mai kawo mata ruwa."

Daouda, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Ɗan zamanin naka ke nan, wanda duk ɗaya ne a wurinsa. Ni da kai duka ba mu san shi ba, amma kai ba ka kwana gida ɗaya da shi shekara shida ba. Na gaya masa abin da na faɗa wa Inna a waya, duka. Ya ce, "Yaushe na ce miki haka?" Ya ce in je, yana son ya zauna shi kaɗai. Lokacin sha ɗaya ta wuce.

Inna na same ta zaune a ƙasa a ɗaki, ko gadon ba ta hau ba. Lomar nan ɗaya ce ta ci, ta ce har yanzu tana nan tsaye a maƙogwaro. Na durƙusa na gaya mata bai taɓa roƙon komai ba, ni ce na ƙaga. Na zaci za ta yi faɗa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke dai Halima, boko ya ba ki komai ya hana ki tambaya. Sati biyu ban yi barci ba ina koyon sunan nan a bakina. Kin sa na tuɓe wa bawan Allah riga a gaban mutane." Na ba ta dabinonka ta ci uku, ta ce in ɗauko mata babban mayafinta, in je in zo da shi ko da roƙo ne.

Na koma da gudu. Ban yi masa wayo ba wannan karon, na ce Inna ce ta aiko ni. Ya taso.

Ƙarfe ɗaya saura muka shigo otel. Hudu na waje yana duba agogo, kaya a ƙofa, Madame Echata ta yi kamar tana goge teburin karɓar baƙi. Inna na tsaye kusa da asansar, ta lulluɓe har goshi, ta ba ƙofa rabin baya. Yakubu ya tsaya taku uku daga gare ta, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ba ta dube shi ba. Ni ta kira, da murya sarai wadda har Hudu ya ji daga waje.

Ta ce, "Halima, ki ce wa mai gidanki tsufa ne ya sa na biye wa yarinya. Ki ce masa bakina ya yi kuskure da safe, kuma ba zai sake ba har in koma ga Allah. Ki ce masa abin da ya yi mini na gani. Allah ya ba shi surukin da zai yi masa irinsa."

Ta gama. Shi kuwa kansa a ƙasa. Na tsaya ina jiran ya amsa, bai amsa ba. Sai da Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu na gane ni ake jira. Na juya na maimaita masa, kalma bayan kalma, hawaye na shiga mini baki. Sai da na kai ƙarshe ya ce amin, sau uku, ya goge fuska da hannun riga.

Mu uku muka shiga jirgin, saura minti arba'in a rufe ƙofa. Hudu ya yi sawu biyu. Mai kula da tebura ya sauya mana ba gardama, ya ce ba mu ne na farko ba.

Da jirgin ya fara ja da baya, Inna ta shiga ɗaki yin la'asar, muka rage ni da shi a bakin ƙarfen bene. Na ce masa, don Allah, taku uku ne fa tsakaninku, ka ji komai da kunnenka, me ya sa ka bar ni ina maimaitawa ina kuka gaban mutane?

Ya ce, "Ai ba da ni take magana ba. Da da ni ta yi, da yanzu ina cikin jirgin Lyon."

Ka gaida Aichatou da yara. In ka ga dama ka yi dariya, amma ba a gabana ba tukuna.

Taubashiyarka,
Halimatou